Mai bindiga a lallashe shi, mai rawani a aika mashi takarda

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san akwai garuruwan da in ka tambayi manomi wa ke ba shi izinin shiga gonarshi, ba zai ce ciyaman ba, ba zai ce DPO ba, sunan wani kachalla zai gaya maka, shi ma da murya ƙasa-ƙasa yana waige. A Isa da Sabon Birni da wani sashe na Goronyo da Rabah an ɗau shekaru ana wagga rayuwa, kafin shuka a biya, kafin girbi a biya, in an aza ma gari tara a bi gida-gida a tara a kai daji. Can wajen Tangaza da Gudu kuma wasu daban ne ke ƙirga shanun mutane suna cire abin da suka kira zakka. Ko cikin birni in kun samu saɓani da maƙwabci kan iyakar fili wajen mai unguwa za ku fara zuwa ko liman, kotu sai abu ya gagara. Wanda ya suma a filin Idi 'yan agaji ke ɗaukar shi, direban da ya yi lodi a tasha 'yan yuniyan ke amsar kuɗinshi. Duk cikinsu babu wanda muka dangwala ma ƙuri'a, amma su ke riƙe da mafi yawan al'amuran talaka na yau da gobe.

Kar wani ya ce na haɗa mai unguwa da ɗan bindiga a layi guda, Allah ya kiyaye. Abin da ya haɗa su kawai shi ne dukansu suna yin wani aiki da a takarda na gwamnati ne. Abin da ke ci min rai shi ne yadda gwamnati ke mu'amala da su, don in ka zuba ido za ka ga ƙarfinta gaba ɗaya kan mai adireshi yake ƙarewa, wanda ta san gidanshi da ofishinshi, wanda takarda guda ta isa ta sauke shi. Wanda ke daji da bindiga kuwa sai a riƙa neman wanda zai kai mashi saƙo.

A diba abin da ya faru a 'Yandoton Daji ta Zamfara a watan Yulin 2022. Sarki ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka ce suna nema ruwa a jallo tun 2020, aka yi bikin naɗi da rana tsaka jama'a na ɗaukar hoto da waya. Da surutu ya yi yawa gwamnatin Matawalle ta dakatar da sarkin. To shi wanda aka naɗa ɗin fa? Ya hau babur ya koma inda ya fito. Ni ban goyi bayan naɗin ba ko kaɗan, amma in laifi ne ka ba ɗan ta'adda rawani, ai shi ɗan ta'addar da ya zo har cikin gari ya zauna aka naɗa mashi ya fi cancantar a fara da shi. Kuma ita gwamnatin da ta yi fushin ita ce ta buɗe ƙofar sulhu da su tun 2019.

Nan gida ma haka. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jiha ta tuɓe uwayen ƙasa 15, zarge-zargen sun haɗa da rashin biyayya da cinikin filaye da taimaka ma matsalar tsaro. Bayan 'yan watanni aka gyara dokar masarautu, naɗin uwayen ƙasa da hakimai ya koma hannun gwamna, Mai Alfarma Sarkin Musulmi sai dai ya ba da shawara. Gwamnati ta ce dama can haka ake yi a aikace, kawai an daidaita doka ne da tsarin mulki, kuma gaskiya ne kundin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba. To naji. Amma taimaka ma 'yan bindiga ba ƙaramin zargi ba ne, laifi ne da ya kamata mutum ya tsaya gaban alƙali a kanshi a kawo shaidu, in ya tabbata a ɗaure shi kowa ya gani. Cire rawani kawai bai isa hukunci ba in da gaske ya yi, kuma zalunci ne in bai yi ba. A wannan shekarar dai, ƙarshen Yuli, 'yan bindiga suka tare Sarkin Gobir na Gatawa Alhaji Isa Muhammad Bawa a hanyar Sabon Birni, duk mun ga bidiyon dattijon nan a ɗaure yana roƙon a cece shi, makonni yana hannunsu, a watan Agusta suka kashe shi. Allah ya jiƙanshi da rahama. Duk wani mai rawani da ke ƙauyen Gobir ya ga wannan, ya kuma ga wancan, kuma ya yi lissafinshi: in ya yi magana da mutanen daji don garinshi ya kwana lafiya za a ce infoma ne, in ya ƙi su zo su ɗauke shi ba mai zuwa ceto.

Ba yau aka fara wannan ja-in-ja ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su da yawan mutanen da za su riƙe ƙasar, sai suka bar mulki hannun sarakuna ƙarƙashin En'e, da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari da karɓar haraji da jangali. Wato a lokacin sarki shi ne gwamnatin da talaka ya sani, kuma kar mu yi ma kanmu ƙarya, an sha zalunci a ciki, jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ba don wasa ta samu magoya baya ba. Zamanin Gowon aka amshe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. A 1996 Abacha ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, mutumin da ya taka rawa a shi kanshi tsarin ƙananan hukumomin. An amshe ikon, to amma wa aka ba? Da, baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba, shi ya gaya ma hakimi, hakimi ya gaya ma uban ƙasa. Yanzu an ce aikin ƙaramar hukuma ne da 'yan sanda, ƙaramar hukumar da kuɗinta ke maƙale a babban birnin jiha har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kai a Yulin 2024, wadda ma'aikatanta da yawa cikin birni suke kwana, a wasu wuraren ma sakatariya sai ranar da aka ji albashi ya shigo take cika.

Amma in gwamnati ta maƙale ta san hanyar fada sarai. Ku tuna rigakafin shan inna. A 2003 aka ƙaurace ma allurar a wasu jihohin Arewa, ma'aikacin lafiya ya zo ƙofar gida a rufe mashi. Likitoci sun yi bayani, rediyo ya yi, abin bai gama warwarewa ba sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, uwayen ƙasa suna ɗiga ma ɗiyansu a bainar jama'a, masu unguwa suna bin ma'aikata lungu-lungu. A Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da asalin ƙwayar cutar a Afirka baki ɗaya. Wannan aikin ba umurni ya yi shi ba, yarda ce, kuma yardar ba ta gwamnati ba ce, aron ta ta yi. Shi ya sa nake mamakin mai mulkin da ke ganin in ya mayar da uban ƙasa kamar ƙaramin ma'aikacin ofishinshi ya ƙara ƙarfi. Ranar da talakawa suka gane rawanin nan na jam'iyya ne, gwamnati na canjawa shi ma a canja shi, to maganar mai rawanin ta zama daidai da ta kansila, kuma ranar da za a sake buƙatar wanda zai ce ma mutane ku buɗe ƙofa ba za a same shi ba.

Inda na fi son mu tsaya shi ne maganar Lakurawa, don ita ce ke nuna kuskuren da mu kanmu jama'a muke yi, ba gwamnati kaɗai ba. Masu bincike da mutanen yankin sun sha faɗin cewa tun farko gayyato su aka yi, wajen 2017 zuwa 2018, lokacin da ɓarayin shanu daga Zamfara suka addabi Tangaza da Gudu ba mai kawo ɗauki. Mutane ne da suka ƙetaro daga wajen Mali da Nijar, da makamai, suna wa'azi, kuma da farko sun kori ɓarayin, har an ji daɗi. A ƙarshen 2018 da aka fara kuka, 'yan sanda suka fito suka ce makiyaya ne da suka saba shigowa neman ruwa da ciyawa. Shikenan aka rufe zancen. Su kuwa ba su zo don su yi gadin shanun kowa ba, da nasu nufin suka zo. Sannu a hankali mai gadi ya fara cewa a kawo zakka, ya fara bulala ga wanda aka kama da waƙa a waya, ya fara yanke hukunci tsakanin mutane, ya fara jan samari da kuɗi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka samu tsamin dangantaka sintirin haɗin gwiwa na kan iyaka ya yi rauni, sai suka ƙara sakewa. Sai a Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito tana cewa wai sabuwar ƙungiyar ta'adda ta ɓulla. Sabuwa! Mutumin Balle ta Gudu ya ji wannan a rediyo me zai ce? Cikin watan suka kashe mutane a Mera ta Kebbi, a Janairun 2025 kotu a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda.

Ban ga laifin dattijon da aka kore ma shanu sau biyu ya kai ƙara ba a yi komai ba sannan ya nemi taimako inda ya samu. In ni ne a matsayinshi wataƙila haka zan yi. Amma abin da ya kamata kowane gari ya sani yanzu shi ne duk wanda ka kira ya yi maka aikin hukuma da bindiga a hannu, ba ka da yadda za ka sallame shi. Kansila komai lalacewarshi shekarunshi na ƙarewa. DPO ana iya kai ƙararshi gaba, ana iya yi mashi canjin wurin aiki. Wannan fa wa za ka kai ma ƙara?

Haka zancen 'yan sa-kai, kuma na san nan ne wasu za su ji haushina. Wallahi akwai jarumai cikinsu, samarin da suka kwana a bakin gari da bindigar toka don mata da yara su yi barci, da yawa sun rasa rayukansu ba wanda ya biya iyalansu ko sisi. Amma kuma su waye suka shiga kasuwar Mamande ta Gwadabawa a Oktoban 2021 suka kashe mutum 11 har da liman, don kawai Fulani ne? Kwanaki kaɗan bayan nan aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo sama da mutum 40 suka mutu, a Disamba aka ƙona matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni. Ba ina cewa wancan ya halatta wannan ba, ƙasurgumin ɗan bindiga Bello Turji da yaranshi ba su buƙatar dalili kafin su kashe talaka, amma duk Bafulatanin da aka yanka a kasuwa ba shari'a to an ba su sabon yaro kyauta, ƙanenshi ko ɗanshi. Har a wasiƙar da Turji ya aika ma Buhari da Matawalle da Sarkin Shinkafi a Disambar 2021 rushe 'yan sa-kai na cikin sharuɗɗanshi. Ka ji fa, ɗan ta'adda na rubuta ma shugaban ƙasa sharuɗɗa kamar wata ƙasa ce da wata.

Gwamnatin Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a ƙarshen 2021. Ba a yi shekara uku ba aka dawo da tunanin ta wata ƙofa, Katsina ta ƙaddamar da nata jami'an tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, mu ma a 2024 gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da namu, da kaki da motoci da babura. Ni a ganina wannan ya fi barin kowa ya ɗau makami da sunan gari, don aƙalla yanzu akwai suna a rajista, akwai kwamanda, akwai doka da majalisa ta yi. Haka aka yi da Hisba, ta fara da 'yan sa-kai na ƙungiyoyin addini bayan dawo da shari'a a 2000, daga baya Kano ta yi mata doka a 2003 ta zama hukuma. Sai dai kaki ba ya canja abin da ke zuciyar mutum. Wanda ya shiga don ya rama kisan babanshi yana nan da ramuwar a ranshi, kuma tsarin mulki sashe na 214 har gobe rundunar 'yan sanda guda ya sani a ƙasar nan, wato waɗannan suna tsaye ne a wani wuri tsaka-tsaki, ba su cika jami'ai ba ba su kuma zama fararen hula ba. Mutanen kudu maso gabas sun ga yadda ta ƙare da 'yan sa-kan da ake kira 'yan Bakassi da gwamnoni suka runguma wajen shekarar 2000, aka fara da kama ɓarayi aka ƙare da zargin farautar abokan hamayya har sai da gwamnatin tarayya ta murƙushe su a 2002. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski, wanda gwamna ke biya alawus ranar zaɓe ya san inda zai tsaya.

Ƙungiyoyin agaji na waje ba zan daɗe a kansu ba. Asibitin masu ciwon noma, ciwon nan mai cin baki da fuska, da ke nan Sakkwato tun 1999 yake, kuma tun 2014 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke taimakawa ana gyara fuskokin yaran da ciwon ya ci, kyauta, iyaye na zuwa daga jihohi da nisa. Wanda ya taɓa ganin yaron da aka yi ma aikin ba zai yarda a zage su a gabanshi ba. Amma su ma ba mu ke juya su ba, da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 shirye-shiryen lafiya da abinci da dama a Arewa sun girgiza, ba a tambayi ko mutum ɗaya a Wurno ko Gada ba. Kuma su ma masu adireshi ne, a 2019 soja suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas cikin 'yan kwanaki, ga dokar CAMA ta 2020 da ta ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya. Rufe ofishin mai raba magani awa guda ya isa. Sansanin da kowa ya san inda yake a daji shekara nawa yanzu?

Akwai wani ƙarfin kuma da muke rainawa, na 'yan kasuwa. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu, kusan mako guda tireloli na tsaye, tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabi a Legas, nan kuma kayan gwari na ruɓewa a hannun manoma. Ba su harba ko harsashi guda ba amma sai da manya suka zauna da su. Wannan ya nuna mutane in sun haɗa kai suna da abin da za su sa a saurare su ba tare da daji ba, duk da dai wanda ya fi jin jiki a wancan karon shi ne ƙaramin mai lambun da bai da inda zai ajiye kayanshi, kuma ba shi aka kira teburin sulhu ba.

To ni ma'aunina guda ne ga duk wanda ke yin aikin hukuma ba shi ne hukuma ba, sarki ne ko malami ko ɗan sa-kai ko ƙungiya: shin talaka na iya ce mashi a'a ya kwana lafiya, kuma in ya cuce shi akwai inda zai kai kuka a saurare shi? Liman ya ci wannan jarabawar, in ba ka gamsu da sulhunshi ba ga kotu can. Ƙungiyar agaji ta ci. Uban ƙasa ya ci rabi, saura a yi mashi doka bayyananna wadda ta faɗi aikinshi, ta faɗi laifin da zai sa a tuɓe shi da gaban wa za a saurari bahasinshi, yadda ba zai zalunci talaka ba shi ma ba za a wayi gari a ji sunanshi a rediyo ba. Turji da Lakurawa ba su ma shiga ajin ba, kuma duk sulhun da zai bar su da makamansu suna aza ma gari tara, sunanshi miƙa mulki, ko da wane malami ko ɗan siyasa ya shiga tsakani.

Masu sabon kakin nan su ne ban ga an gama yi masu tsari ba, kuma su ne ya kamata 'yan majalisarmu na jiha su sa ma ido tun kafin guguwar 2027 ta taso. A fito a gaya muna a rediyo, da Hausa da Fulatanci, in ɗaya daga cikinsu ya kama mutum awa nawa zai riƙe shi kafin ya miƙa ma 'yan sanda, in ya kashe wani a kasuwa wace kotu za ta saurari iyalan mamacin, Fulani nawa aka ɗauka cikinsu a ƙananan hukumomin da Fulani ke zaune, wa ke biyan iyalan wanda ya mutu a bakin aiki, sannan a rubuta ƙarara cewa ranar zaɓe ba su da abin yi kusa da rumfar ƙuri'a. Kowane ɗan majalisa yana da mazaɓa kuma yana zuwa ɗaurin aure da jana'iza, in kun haɗu da naku ku tambaye shi ko ya karanta dokar da ya ɗaga hannu ya amince da ita.